Auta Ba Ta Yin Faci

Tashar duba yanayi tana can ƙarshen gari, bayan wani filin jirgi da ya daɗe bai ga jirgi ba. Ɗaki biyu ne da baranda, sai wani fili da aka kewaye da waya. A cikin filin akwai farin akwati mai dogayen ƙafafu inda ma'aunin zafi yake, da mazurarin awon ruwan sama, da wani dogon ƙarfe mai kofuna a kai waɗanda iska ke juyawa. Aikin mai duba yanayi shi ne ya fita a kan lokaci, ya buɗe akwati, ya karanta abin da ya gani, ya ɗaga kai ya dubi gajimare, sannan ya dawo ya aika wa hedikwata.

Ma'aikatan tashar suna da wata dabara da suke kira faci. Idan rana ta take, ko barci ya yi daɗi, ko mutum ya leƙa kasuwa ya makara, sai ya dubi lambobin jiya, ya ɗan ƙara ko ya ɗan rage, ya aika. Ba wanda ya taɓa kama su. Gwanin faci shi ne wani dattijo da ake kira Baban Tasha, wanda gidansa ke jikin wayar tashar, kuma saura 'yan watanni ya yi ritaya. Yana iya zama a baranda da kofin shayi a hannu ya ce, "Yau zafin nan bai kai na jiya ba, a rage masa ɗaya," ya aika ba tare da ya sa takalmi ba.

Auta ba ta yin faci. A gida ake kiranta Auta, sunan ya biyo ta makaranta, ya kuma biyo ta ofis. Ta yi karatun duba yanayi shekara da shekaru, ta san inda lambobin suke zuwa: ga matuƙan jirgi, ga masu gina madatsun ruwa, ga masu gaya wa manoma lokacin shuka. Tun makonta na farko ta gaya wa Baban Tasha a gaban kowa cewa abin da yake yi ƙarya ce sanye da rigar gwamnati. Dattijon ya yi dariya ya ce, "'Yata, sannu da zuwa." Daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Ranar da abin ya faru ita kaɗai ce a bakin aiki. Bayan azahar yayarta ta kira tana kuka, ta ce Inna, mahaifiyarsu, ta zame a banɗaki, ta kasa tashi, ƙashin ƙugunta kamar ya karye. Auta ta kira Oga, shugaban tashar, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ƙa'ida ta ce in larura ta taso, a kira mai jiran ko-ta-kwana ya karɓi aiki. Mai jiran wannan makon Baban Tasha ne. Tana tsaye da jaka a kafaɗa tana hango ƙofar gidansa, har da wankin da aka shanya a igiya. Ta san in ta kira shi zai ce to, ya koma ya kishingiɗa, ya aika lambobi daga kansa a lokacin da sunanta ne ke kan aiki. Sai ta kulle tasha ta tare mota. Awon la'asar da na yamma ba su je hedikwata ba.

Washegari Oga ya kira ta ofishinsa, ya rufe ƙofa.

"Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Za a yi mata aiki."

"Allah ya ba ta lafiya. To, ga shi hedikwata suna tambayar awon jiya. Ki zauna ki cike, in ce musu layi ne ya lalace. Minti nawa ne?"

"Oga, ban auna ba."

"Na san ba ki auna ba, ai shi ya sa na ce ki cike."

"Me zan cike da shi?"

Oga ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne da ya gaji. "Auta, barin bakin aiki ba izini babban laifi ne, kora ce a kansa. Gurbi biyu kawai. Ki rufa wa kanki asiri, ki rufa mini."

"Ka rubuta cewa na bar aiki. Ai na bari."

Ya rubuta. Takardar tuhuma ta zo, an ba ta 'yan kwanaki ta yi bayanin dalilin da zai hana a hukunta ta. Ta amsa a shafi ɗaya: mahaifiyarta ta faɗi, ta nemi shugabanta ba ta samu ba, ta tafi, ba ta auna ba, don haka ba ta aika komai ba. Ba a jima ba wata takardar ta biyo baya. An dakatar da ita a kan rabin albashi har kwamitin ladabtarwa ya zauna. Kada ta taka tasha, kada ta bar gari, kuma kullum da safe ta bayyana a hedikwata ta sa hannu, ta zauna har a tashi.

Wurin zaman wani benci ne a dogon lungun hawa na biyu, tsakanin ofishin ma'aikata da banɗaki. Duk mai zuwa fitsari sai ya wuce ta gabansa. Ta tarar da mutum ɗaya a kai, wani direba da ake kira Birki, wanda aka kama ya ɗebo awakin surukinsa a motar gwamnati.

"Maraba da baƙuwa," in ji shi, ya matsa mata. "Ki zauna ta wannan gefen, wancan akwai ƙusa. Me kika ci?"

"Ban ci komai ba."

"Kowa haka yake cewa. Ni ma awakin nan su suka shiga motar da kansu."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Birki ya koya mata zaman benci. Kada ki zo da kwalliya, za a ce ba ki damu ba. Kada ki zo a yamutse, za a ce laifi ya kama ki. In darakta ya taho ki miƙe, ki sunkuyar da kai, ki yi kamar kina ciwon ciki. Auta ta saurara, ta kuma yi akasin komai. Ta riƙa zuwa da kayanta a goge, takalmi na sheƙi, da littafi a hannu. In darakta ya taho sai ta miƙe ta gaishe shi tana kallon idonsa, shi ne ma yake kawar da kai.

Amma benci yana cin mutum a hankali. Makon farko abokan karatunta da ke aiki a ginin suna tsayawa su gaisa. Daga baya sai ɗaga hannu daga nesa. Daga baya kuma sai ta ga wata da suka yi ɗaki ɗaya a makaranta ta juya ta sauka ƙasa, ta gwammace banɗakin hawa na farko da ta bi ta gabanta. Littafin yana buɗe a cinyarta, shafi ɗaya take kallo tun safe. Jikinta ya riga ya saba da lokutan awo, duk sa'ad da lokacin ya yi sai ta ji ƙafarta ta motsa, ta leƙa ta ƙaramar tagar lungun ta karanta gajimaren a zuciyarta, ba wanda za ta aika wa.

In an tashi sai ta wuce asibiti ta karɓi yayarta. Ta juya Inna, ta goge mata baya, ta zubar da fo, ta wanke. Inna ba ta san an dakatar da Auta ba, ita da yayarta sun haɗa baki an ɓoye mata. Kullum sai ta ce, "Auta, kin gaji, daga aiki sai nan." Auta ta ce, "Aikin zama ne, Inna, ba wahala." Wannan kam ba ƙarya ta yi ba.

Kawu ne ya fara zuwa da maganar ban haƙuri. Ƙanen Inna ne, ya yi aikin gwamnati har ya gama lafiya, fayil ɗinsa ko ɗigon ja babu. Ya same ta a barandar asibiti.

"Ke yarinya, waye ya ce miki ana amsa takardar tuhuma da gaskiya? Ana amsa ta da na tuba. Gobe zan sa babbar riga mu je wurin darakta. Ni zan yi magana, ke ki durƙusa ki yi shiru. In kin iya hawaye, ki kawo kaɗan."

"Kawu, me zan roƙa?"

"A kashe maganar mana."

"In an kashe ta, me fayil ɗina zai ce?"

"Ba zai ce komai ba. Ai shi ne daɗin."

"Ni so nake ya faɗi abin da ya faru. Na bar aiki, ga dalili, ga hukunci. Ba na son in riƙa tafiya a ginin nan ana cewa darakta ne ya tausaya mata."

Kawu ya dube ta daga sama har ƙasa. "Taurin kan ubanki kika ɗauko, har da ƙari. To, in an kore ki, wa zai riƙe uwarki? Takardun makarantarki?"

Wannan tambayar ta bi ta gida, ta kwana da ita, ta raka ta benci da safe.

Kwamiti ya ƙi zama. Yau an ce shugabar ta yi tafiya, gobe an ce ba a cika adadi ba, jibi an ce ana fenti a ɗakin taro. Damina ta shigo ta yi nisa. Wata safiya Birki ya zo da fara'a, ya ce ya kai limamin unguwarsu da wani ɗan uwan matar darakta, an yafe masa, gobe zai karɓi makullin mota.

"Ƙanwata, ki yi yadda ake yi," in ji shi. "Bencin nan ba ya bayar da lambar yabo."

"Ka gaida awaki."

"Za su ji. Ki kula da ƙusar nan."

Da ya tafi sai lungun ya yi mata tsawo. Ranar ce ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta wanke fuska, ta gyara ɗankwali, ta fito ta nufi ofishin sakataren kwamiti. Ta ce masa ƙa'idar da aka dakatar da ita a kai, ita ce kuma ta ce a saurare ta ba tare da jinkiri ba. Ya ce ta yi haƙuri. Washegari ta koma. Ta mayar da abin kamar awo, kullum a kan lokaci, ta ƙwanƙwasa, ta gaishe shi, ta tambaya. Har ya kai in ya ji takunta sai ya ce, "Na sani, na sani," tun kafin ta buɗe baki. Ko don ya huta da ita, ko don fentin ya bushe, a ƙarshe aka sa rana.

Ranar zaman, kafin a shiga, wakilin ƙungiyar ma'aikata, wanda zai zauna a gefenta, ya ja ta jikin taga.

"'Yar uwa, akwai hanya. Kowa ya san ana faci a tashoshin nan. In suka matsa miki, ki ce kin ƙi kiran tsohon ne don kin san abin da zai yi. Nan take magana za ta bar kanki ta koma kansa."

"Saura masa wata nawa?"

"Wannan ba matsalarki ba ce. Kora fa ake magana."

A can ƙarshen lungun Baban Tasha yana zaune a bencinta, an kira shi shaida. Ya zauna a gefen mai ƙusa, bai sani ba. Hularsa ta koɗe, hannayensa suna kan gwiwa. Ta san yana da 'ya'ya a makaranta. Ta san kuma in aka tono faci, za a bi shi har cikin fanshonsa.

Ɗakin taron yana warin sabon fenti. Mutum biyar a bayan dogon tebur, a tsakiya shugabar kwamiti, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta ɗaga murya. Aka karanta tuhuma. Aka tambayi Auta ko ta fahimta, ta ce ta fahimta. Aka tambaye ta ko ta bar bakin aiki, ta ce ta bari. Ta miƙa takardar asibiti, aka duba, aka ajiye. Oga ya tabbatar ya ga kiranta daga baya. Har nan komai yana tafiya sumul, har wakilin ƙungiya ya fara jingina da kujera.

Sai shugabar ta cire tabarau.

"Ba wanda ke cikin ɗakin nan da zai ji uwarsa ta faɗi ya zauna yana kallon gajimare. Ba a kan tafiyar muke ba. Ƙa'ida ta tanadi mai jiran ko-ta-kwana saboda irin wannan ranar. An ce gidansa yana jikin tashar. Kin kira shi?"

"Ban kira shi ba."

"Kin manta ne? Ruɗewa ce?"

Ƙofa ce aka buɗe mata, ta gane. In ta ce ta ruɗe, kowa zai gyaɗa kai a wuce wurin.

"Ban manta ba. Na tuna, na ƙi."

"Saboda me?"

Wakilin ƙungiya ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta janye ƙafar.

"Ranki ya daɗe, an kira ni ne in amsa nawa. Na ƙi kiransa, kuma ya kamata in kira. Dalilin zan riƙe shi."

"Kin san shirun nan zai yi miki nauyi?"

"Na sani."

Shugabar ta mayar da tabaranta. Sannan ta ce a shigo da shaida.

Baban Tasha ya shigo ya tsaya, ya ƙi zama sai da aka ce masa sau biyu. Aka tambaye shi ko yana gida ranar, ya ce yana gida. Aka tambaye shi ko an kira shi, ya ce a'a.

"Da ta kira ka fa?"

Bai dubi Auta ba. Teburin ya duba. "Da ta kira ni ta ce uwarta ce, da na zo. Da na fita filin nan na auna mata da hannuna."

Ba abin da ya ƙara, ba a kuma tambaye shi wani abu ba.

Aka ce ta jira a waje. Ta koma bencin, wannan karon ba ta buɗe littafi ba. Maganar dattijon ce take juya mata a kai. Wataƙila ƙarya ya yi don ya wanke kansa. Wataƙila kuma gaskiya ce, da ya sa takalmi ya fita cikin ranar nan saboda ita, ko sau ɗaya ne a rayuwarsa. Ba za ta taɓa sani ba, don ba ta ba shi dama ba. Duk tsawon zamanta a lungun nan tana ganin kanta a matsayin wadda ake azabtarwa saboda ta ƙi ƙarya. Yau ta ga akwai wani abu a ciki da nata ne ita kaɗai. Ta yanke wa mutum hukunci daga nesa, tana hango igiyar shanyarsa, ba tuhuma, ba tambaya, ba sauraro. Ita da ta yi watanni tana ƙwanƙwasa ƙofa don a ji ta bakinta.

Dattijon ya fito ya bi ta gabanta. Ta miƙe.

"Baba, sannu."

Ya tsaya. Ba ta taɓa kiransa Baba ba, sai dai Malam. "Yauwa, 'yata. Yaya mai jiki?"

"Ta fara takawa da sanda."

"Madalla." Ya gyara hula ya sauka.

Hukunci ya fito bayan mako. An same ta da laifin barin bakin aiki ba tare da miƙa shi ga wanda ya dace ba. Ba a kore ta ba. An ba ta gargaɗi mai tsanani a rubuce, an kuma ɗage ƙarin girmanta shekara biyu. Hakan na nufin waɗanda suka shigo aiki tare da ita za su wuce ta, wadda take sauka hawa na farko don ta guje mata za ta iya zama shugabarta. Sakatare ya ce tana da damar ɗaukaka ƙara. Ta karanta takardar har ƙasa, ta nemi kalma ɗaya da ba gaskiya ba, ba ta samu ba. Ta ce ba za ta ɗaukaka ba, ta sa hannu.

Da yamma ta tarar da Inna a tsakar gida, an dawo da ita, tana zaune a kujera da sandar a gefe. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta ta gaya mata komai, tun daga ranar banɗaki. Inna ta saurara ba ta katse ta ba.

"Watannin nan duk a benci kike?"

"A benci."

"Kawunki ya gaya mini tun ina asibiti. Ina jira ne in ga ranar da za ki faɗa da bakinki." Ta ɗora hannu a kan Auta. "To, ni na ja miki."

"A'a, Inna. Ƙafata ce ta fita, bakina ne kuma ya ƙi kira."

"An kore ki?"

"Ba a kore ni ba. Litinin zan koma."

"To tashi ki ci abinci. Kuma kafin Litinin ki je ki gaida tsohon nan a gidansa, ba a tsaye ba."

Auta ta buɗe baki za ta yi gardama, kamar yadda ta saba. Sai ta ce, "To."